Inji Mai Gajeren Wuya

Asabar, bayan la'asar

Yau ma da gora na tura jirgi zuwa sharfiya, tarkon kifina da ke kafe a cikin teku. Tafiyar da inji ke yi kafin shayi ya huce, ni na yi ta tun hantsi har rana ta take tsaka. Shingen ganyen dabinon duk ya tsufa, kwandunan da na ɗaga kuma kaguwa ta riga ni, ta yi wa kifin kaca-kaca. Kafaɗata ta dama ba ta ɗaguwa, da hagu nake riƙe kofi.

Inji nake bukata. Wannan ita ce maganar, kuma ita zan rubuta a nan.

A rumfa, inda a da tsohon injin yake rataye, har yanzu akwai ɗigon baƙin mai a ƙasa. Na ce zan zuba yashi a kai, ban zuba ba. Inji ne mai ƙarfi, ya fi ƙarfin aikina. Da mariƙin igiyarsa ya karye, ni na sassaƙa masa wani da icen zaitun, ɗana Wasim ya gasa ƙusa ya zana kifi a jiki. Takalman robar Wasim ɗin suna bakin ƙofa inda ya cire su. Da shi da injin safiya ɗaya aka wayi gari babu su, tare da samari huɗu na unguwa. Kowa a tsibirin nan ya san ƙetaren teku ake nufa da inji irin wannan, ba sai na ɓata takarda ba.

Matata Najiba tana birnin Safakis wajen 'yarmu Hanan. Ta ce can ofisoshin cigiya suke, uwa ba ta zama.

Lahadi, hantsi

Shazli ya same ni a bakin ruwa ina kwance igiya. Tun muna yara muke tare, kuma tun muna yara bakinsa bai taɓa hutawa ba.

"Rayis Munji! Sarkin faranti! Yau ma da sanda za a tuƙa tiren shayin?"

Rayis yake ce mini don tsokana, wato shugaban jirgi, faranti yake kiran jirgina, duk unguwa kuma ta ɗauka. Katako ne shimfiɗe a kan shuɗɗan gangunan roba, jere biyu. Ni da Wasim muka haɗa shi a shekarar da bayana ya ƙi, na sayar da babban kwale-kwale na riƙe injinsa. Ruwanmu bai wuce ƙugu ba, a kan faranti mutum zai tsaya ya ɗaga kwando bai yi tangaɗi ba. Wasim a gaba yana ɗagawa, ni a baya da inji. Haka muke.

Shazli ya ce surukinsa yana da na fetur, zai sakar mini.

"Na batir nake so," na ce.

"Na batir? Haba Munji, ai wannan fanka ce aka tsoma a ruwa. Ko bakin zurfi ba zai kai mutum ba, zai mutu."

"Shi ya sa nake son sa."

Ya taya ni tura faranti har ya jiƙa wando zuwa gwiwa.

Litinin, azahar

Waya ta yi ƙara ina tsakiyar alwala. Kamfani ne, wai in sayi kati.

Talata, bayan magariba

Na hau jirgin fito na safe zuwa Safakis, na je shagon Lutfi. Da ubansa muka yi su a zamanin ƙuruciya, shi kuma ya ga ruwa ba nasa ba ne, ya zauna yana sayar wa masunta kaya. Ya gaishe ni da Ammi, wato baffa, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Na zare, na ce inji na zo gani.

Yaron ya san aikinsa, ba zan hana shi ba. Ya ce baƙin inji na ruwan daɗi ne, gishiri zai cinye shi kafin shekara, fari zan ɗauka. Ya ce kada in ɗaura a baya.

"Irin jirginka iska ke juya shi kamar hula, Ammi Munji. A gaba za ka ɗaura, ya ja shi kamar yadda ake jan akuya. Ga abin takawa da doguwar waya, kana zaune a wurinka na baya kana tuƙi da ƙafa."

Wannan ya yi mini. Ba na son canza wurin zama.

Sai ya jingina guda biyu a jikin kanta, ɗaya mai dogon wuya, ɗaya mai gajere.

"Saura wuya. Ka je ka auna daga katako zuwa ruwa, ta gaba. Amma ka auna da nauyin da jirgin ya saba ɗauka. In gaba ba nauyi, hanci zai ɗaga, farfela ta fito tana dukan iska. Mutum nawa ne a jirgin?"

"Biyu."

Ya dube ni, sannan ya koma yana gyara wani kwali da ba abin da ya same shi.

"To. Ka dai auno, Ammi."

Daga nan na wuce gidan Hanan. Najiba ta rame, wuyanta duk ya fito. Tana zaune da hotunan Wasim a leda, mayafi a kafaɗa, kamar yanzu za a kira ta.

"Me ya kawo ka?"

"Inji na zo dubawa."

"Inji." Ta juya wajen 'yarta. "Hanan, kin ji ubanki. Mutane na neman 'ya'yansu, shi yana neman inji."

Na so in ce mata gidan ya yi mini girma. Na so in ce ban iya kunna murhun nan nata ba sai ya ƙone ni. Abin da ya fito shi ne, "Sharfiya ba ta jira." Hanan ta zuba mini kuskus a kula, ta raka ni har titi.

Alhamis, da safe

Na yanki sandar dabino na je awo. Ruwa kwance, ba iska. Daga wurina na baya ba zan iya miƙa hannu gaba ba, sai na ɗaure sandar a hancin jirgi, ƙasanta cikin ruwa, na koma na zauna, na jira ya daina rawa. Na taso na duba inda ta jiƙe, na yi tsaga da wuƙa.

Ban ji daɗin wannan tsagar ba. Faranti ya ɗaga hanci kamar jakin da ya ƙi hanya. Ba haka yake zama ba.

Na koma gaɓa na ciko buhuna biyu da yashi. Ban san nauyin Wasim a kan sikeli ba, wa ke auna ɗansa? Amma na san in ya zauna a gaba ruwa yana lasar ƙullin igiyar gangar farko. Na yi ta ƙara yashi da tafin hannu har ruwa ya taɓa ƙullin. Buhu na biyu bai cika ba. Kullum ina ce masa ya ci abinci.

Na sake awo, na yi tsaga ta biyu. Lutfi ya ce nauyin da jirgin ya saba ɗauka, to ga shi nan.

Juma'a, bayan masallaci

Muna fitowa aka ji guɗa daga unguwar gabas. Ban san lokacin da na fara sauri ba, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Ɗan gidan mai burodi ne ya kira uwarsa, ya taka ƙasa lafiya. Shi a wani jirgin ya tafi, bayan namu da kusan mako.

Na shiga na yi musu barka. Uwar ta gan ni ta haɗiye guɗarta, abin ya fi zagi ciwo.

Bayan namu ya tafi. Na rubuta ne kawai.

Asabar, la'asar

Kuskus ɗin Hanan ya ƙare. Burodi da man zaitun.

Litinin, bayan la'asar

Yau aka sabunta mini sharfiya. Duk kaka haka muke yi, yau ta wane gobe ta wane, kowa ya zo da damin ganyen dabino a kafa sabon shinge tun ruwa yana ja. Ban gayyaci kowa ba bana, amma da asuba na tarar da su a bakin ruwa, har da waɗanda rabona da su tun bara. Muka shiga ruwa zuwa ƙugu muna kafawa. Ana ta surutu a kan kaguwa, a kan ƙwallo, a kan gwiwar Shazli. Suna ɗaya ne kowa ke kewayewa kamar rami a hanya.

Can aiki ya yi zafi, Shazli yana riƙe da ganye da hannu biyu, igiya ta ƙare masa. Bai waiwaya ba ya ɗaga murya, "Kai Wasim, ɗan banza, miƙo igiyar nan!"

Kowa ya tsaya cak. Ana jin ruwa yana bugun ganguna.

Ni na miƙa masa. Na ce, "Ga ta, tsohon banza, ɗaure da kyau." Ya karɓa bai dube ni ba. Ƙullin da ya yi sai da na kwance na sake bayan sun tafi.

Ban ji haushinsa ba. Tun da abin ya faru, yau ne aka kira sunan da irin muryar da ake kiran mai amsawa.

Laraba, bayan magariba

Na kai wa Lutfi sandar. Ya juya ta a hannu.

"Tsaga biyu nake gani, Ammi. Wacce ce?"

Na ɗora yatsa a kan ta buhuna.

"Wannan fa?"

"Kuskure ce."

Ya ajiye sandar a kan kanta, ya sa aka kawo shayi, ya zauna kusa da ni kamar mai shirin ba da haƙuri.

"Ammi Munji, ka ji ni. Ɗauki mai dogon wuya. Dogo ana ɗaga shi a ɗaure, ya zama gajere duk ranar da kake so. Gajere ba a ƙara masa. Mutum biyu, mutum ɗaya, dogon zai yi maka aiki."

"Na ce maka biyu ne."

"Ban musa ba. Amma ko mutum biyu, ai wata rana ɗaya yakan yi zazzaɓi."

"Ubanka bai taɓa sayar mini da abin da ban tambaya ba."

"Ubana bai taɓa sayar da komai ba, Ammi, kifi ma kyauta yake rabarwa, shi ya sa muka tashi da yunwa."

Na yi dariya ban shirya ba. Amma gajeren na ɗauka. Gaskiyar Lutfi ce, na sani tun kafin ya rufe baki, jaki ma ya san dogon ya fi. Sai dai in na ɗauki dogon na sa hannu ke nan a kan wata magana, ni kuwa ba wanda ya kawo mini ita tukuna.

Ban biya gidan Hanan ba. Da kwali a kafaɗa zan shiga, in ce me?

Juma'a, hantsi

Ya yi. Wallahi ya yi. Na ɗaura shi a gaba, batir a ƙarƙashin kujerata, buhuna a wurinsu, na taka. Faranti ya miƙe sumul, ba hayaƙi ba tari. Shazli yana gaɓa yana ihu wai a kawo masa fankar in zafi ya dawo.

Abin da Lutfi bai faɗa mini ba shi ne shirun. Tsohon injin in yana ruri ko tunaninka ba ka ji. Wannan kuwa kana jin ruwa yana ratsa ciyawar ƙasa, kana jin tsuntsu daga nesa, kana jin numfashinka. Wayar tana cikin leda a aljihun ƙirji. In ta yi ƙara zan ji, ko ina tsakiyar tafiya. Wannan ma wani amfani ne.

Asabar, azahar

Ba ta yi ba.

Lahadi, bayan la'asar

An yi yayyafi. Yashi in ya sha ruwa nauyi yake ƙarawa, awo ya ɓaci. Na ɗauko rigar ruwan Wasim, rawayar nan, daga bayan ƙofa na lulluɓe buhunan, na ɗaure hannuwan ta baya kada iska ta ɗauke. Dalilin ke nan, ba wani ba.

A hanyar dawowa na ji kaina ina cewa, "Kwandon ƙarshe sai an sake masa baki." Da ƙarfi na faɗa. Ba kowa kusa, da sauƙi.

Talata, la'asar

Najiba ta kira da safe, karon farko da ita ta fara kira. Ta ce an ce su je tashar jiragen ruwa gobe, wani jirgin jan koma ya ɗago wani abu, ana so iyalai su duba. Na ce mene ne. Ta ce ƙarfe ne kawai, ba mutum ba. Na ce in zo? Ta ce, "Sharfiya ba ta jira."

Na cancanci wannan.

Teku cike take da ƙarfe. Tun kakanninmu ake zubar da ƙarfe a cikinta.

Laraba, azahar

Na je sharfiya sau biyu. Na biyun ba abin ɗagawa.

Alhamis

Ban san ƙarfe nawa ba ne.

Ina dawowa da hantsi, ruwa ya fara kawowa, na hango mace tsaye a gaɓa inda nake ɗaure jirgi. Daga tsayuwar na gane Najiba ce. Ba ta ce za ta zo ba. Na ɗaga hannu.

Ba ni take kallo ba. Na ga ta dafe ƙirji, jakarta ta faɗi. Sai ta shigo ruwa. Da takalmi, da doguwar riga, matar da ko ƙafa ba ta son jiƙawa, tana ture ruwa da gwiwa tana kiran sunan. Injin nan ba ya ƙara, don haka ba abin da ban ji ba. Na miƙe ina ɗaga hannu ina cewa a'a, a'a, Najiba, tsaya. Na manta ƙafata tana kan abin takawa, jirgin ya yi ta matsawa wajenta da rawayar riga a gaba.

Ruwa ya kai mata ƙugu lokacin da ta kama hancin faranti. Ta kama rigar ta ja. Buhun ya kife, yashi ya zubo a kan katako.

Ta daɗe tana kallon sa. Na jira zagi, na so ta zage ni. Sai ta ce a hankali, "Munji, me ka yi?"

"Don awo ne. Wuyan injin gajere ne."

Ta buɗe hannunta na hagu, wanda ke dunƙule tun daga gaɓa, ta ajiye abin a kan katako kusa da yashin. Mariƙin icen zaitun nan ne, ya yi baƙi don ruwa, da guntun igiya. Kifin yana nan a jiki. Ta ce mutumin tashar ne ya yanko mata daga jikin tsohon injin da ta ƙi sakin sa.

Tun jiya yake hannunta. Da shi ta kwana, da shi ta hau jirgin fito. Ta riga ni sani da kwana guda, amma da ta hango rigar sai da ta shigo ruwa.

Na sauka na riƙe ta muka fito. Ba nauyi a jikinta ko kaɗan.

Juma'a, bayan la'asar

Mutane suna ta shigowa. Ba wanda ya san irin gaisuwar da zai yi, tunda ba a kawo kowa ba. Shazli ya zauna bakin ƙofa tun safe. Najiba ta wanke rigar ta shanya a tsakar gida, ta shigar da takalman ɗaki.

Ta kunna murhu da ashana ɗaya.

Lahadi, da safe

Na juye sauran yashin a gaɓa inda na ɗebo shi, na ninke buhunan. Na hau, na zauna a wurina, na taka. Farfela ta yi ta juyawa a sama da ruwa, tana fesa mini 'yan ɗigo a fuska. Jirgin bai motsa ba. Na daɗe ina takawa.

Najiba tana tsaye a gaɓa. Ta ce, "Ka koma gaba mana ka zauna, ai farfelar za ta nutsa."

Na ce ba zan iya ba.

Sandar awon tana rumfa. Na ɗora hannu tsakanin tsagar farko da ta biyu. Taƙi ɗaya ne, bai ma cika ba. Yaron da na goya, na yi wa kaciya, na koya wa ƙulli, na yi faɗa da shi a kan cin abinci, iyakar abin da yake danna jirgi ke nan.

Litinin, bayan azahar

Mun hau jirgin fito tare, kwalin a tsakaninmu. Najiba ta jira a waje, ta ce warin roba yana hawa mata kai.

Lutfi ya gan ni da kwali ya taso ya karɓa. Na ajiye sandar a kan kanta, na ɗora yatsa a kan ɗaya tsagar.

Bai tambaye ni komai ba. Ya shiga ciki ya fito da mai dogon wuyan. A jikin kwalin an rubuta Ammi Munji da alli, rubutun har ya fara gogewa.

Da ya zo ɗaure kwalin ya ɗauki sandar zai jefa a kwandon shara. Na ce ya ba ni abata.